Harafi Ɗaya Cikin Jini: Sani Ya Fi, Ko Rashin Sani?

Yau ba maganar taki ko ta kuɗin albasa na zo da ita ba. Wata tambaya ce wani dattijo ya aza mani, ta hana ni barci. Na ce bari in kawo ta nan mu raba nauyinta.

Wani dare muna aji, na rubuta kalmomi biyu a allo: rago da rogo. Na ce kowa ya duba da kyau. Haruffa huɗu nan, huɗu can. Uku duk ɗaya ne, guda tak ya sake. Amma wanda ya aika wa ɗansa takarda gab da Babbar Salla, hannunsa ya kuskure harafin nan, to buhun rogo za a sauke masa a ƙofar gida. Aka yi dariya, aka watse.

Dattijo ɗaya bai tashi ba. Ya jira kowa ya fita, sannan ya zaro takardu biyu daga aljihu. A kan kowacce an rubuta manyan haruffa biyu: AS. Ya ce, "Malam, waɗannan da kaina na karanta su. Kai ka koya mani."

Ga labarinsa. Yana da ɗa saurayi. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da ɗiya budurwa. Tun yaran suna ƙanana aka yi masu alkawarin juna, irin auren nan na tuwona maina. To, a gidan ƙanen an yi wabi. Ƴaƴa biyu sun koma tun ba a yaye su ba. Wani kuma yana nan kullum cikin ciwo, hannu ya kumbura, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa. Da aka kai shi asibiti, aka ce amosanin jini ne, wanda mutanen Najeriya ke kira sikila. Likita ya ba da shawara a auna jinin sauran ƴan gida, har da masu shirin aure. Aka auna. Takardun nan biyu na saurayin ne da budurwar.

Ya ce, "Da ban sani ba, da na huta. Da bayan girbi an ɗaura aure, a sha biki, abin da Allah ya kawo mu karɓa. Yanzu in na fasa, na ɓata da ɗan'uwana. In na ɗaura, duk ranar da jikana ya yi kuka, zuciyata za ta ce ni ne. Wannan ilimi na ƴan jami'a, alheri ne ko wahala?"

Na ce, "Baba, ba ni kwana biyu." Abin da na koya a makarantar horon malamai bai kai can ba. Sai da na nemi karatu, na yi tambaya.

Bari mu fara da ciwon kansa. Cikin jininmu akwai wasu ƙananan jajayen ƙwayoyi da ido ba ya gani. Siffarsu kamar ƴar waina, masu laushi. Su ke ɗaukar iska daga huhu su kai ko'ina cikin jiki. A jikin mai amosanin jini, ƙwayoyin nan sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri. Ku tuna da hanyar ruwa a garka in kara da ganye sun toshe ta: albasar da ke gaba sai ta yi yaushi. Haka suke toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashi mai sa babba kuka, musamman da hunturu da damina. Kuma ba su daɗewa. Ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa jinin yaron kullum yana ƙarewa.

Ciwon ba ya yaɗuwa ta nono, ko ta cin abinci ƙwarya ɗaya. Gado ne. Kowane mutum yana da iri biyu na wannan abu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai kyau ana rubuta shi A, mai lauje S. Mai AA lafiya lau. Mai SS shi ne mai ciwo. Mai AS kuwa ba shi da ciwon, yana noma, tana daka, amma yana ɗauke da irin. Akwai kuma wani iri da ake rubutawa C, wanda in ya haɗu da S shi ma yakan kawo ciwo.

Da muka koma aji, na zo da ƙwarya biyu. Cikin kowacce na sa wake biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Na ce wannan ƙwaryar uba ce, waccan ta uwa. Mutum ya rufe ido, ya ɗauko ɗaya nan, ɗaya can. Hanya huɗu ce kawai: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Ja da ja shi ne SS. Ke nan hanya ɗaya cikin huɗu. Amma ku lura, bayan kowace ɗauka sai a mai da waken cikin ƙwarya. Kowane ciki sabuwar ɗauka ce. Wata mata a ajinmu ta ɗauko ja da ja sau uku a jere. Wani ya ɗauka sau shida bai gamu da ita ba. Don haka kada wani ya ce, "Na haifi mai ciwo ɗaya, ukun da ke tafe sun tsira." Ƙwarya ba ta tuna abin da aka ɗauka jiya. In kuwa ƙwarya ɗaya fari biyu ne cikinta, wato AA, ko an kwana ana ɗauka ja da ja ba za ta fito ba.

Wannan lissafi ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani malamin Kirista mai suna Gregor Mendel, a birnin Brno na ƙasar Turai, ya yi shekaru yana haɗa irin wani wake a garkarsa yana ƙirga abin da ya fito. Ya bayyana abin da ya gani a 1865, mutane ba su kula ba sai a 1900. A 1910 wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, ya ba da labarin ƙwayoyi masu siffar lauje da aka gani cikin jinin wani ɗalibi baƙar fata. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna laifin yana cikin sinadarin da ke sa jini ja. A 1956 da 1957, a jami'ar Cambridge ta Ingila, Vernon Ingram ya matsa kusa. Sinadarin nan kamar tasbaha yake, kuma ƙwaya ɗaya ce kawai ta bambanta tsakanin na mai lafiya da na mai ciwo. Daga baya aka tabbatar ita ce ta shida cikin 146.

Me ya sake ƙwayar nan? Cikin jikin kowa akwai wani dogon rubutu da ake gado, masana suna kiransa ADN da Faransanci. Da haruffa huɗu kawai aka rubuta shi, amma yawansu ya kai wajen miliyan dubu 3. A wuri ɗaya, inda ya kamata a sami A, sai aka sami T. Shi ke nan. Rago ya zama rogo.

Akwai abin mamaki kuma. A 1954 wani likita da ya girma a Kenya, Anthony Allison, ya nuna cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa irin ya yi yawa a ƙasashen sauro irin namu. Kakanninmu masu AS sun fi tsallake damina, suka haifa, suka bar mana. Abin da ya ceci kaka in ya zo shi kaɗai, shi ke cin jika in ya zo biyu. Wa zai kira wannan la'ana? (Mai AS ma ya ci gaba da shiga gidan sauro, kariyar ba cikakkiya ba ce.)

Yanzu mu koma ga tambayar Baba. Ni a ganina, rashin sani bai taɓa hutar da kowa ba. Nauyin yana nan tun da can, sai dai ba a kan dattijo yake ba. A kan wa yake? A kan matar ƙanensa. Shekara da shekaru ana ce mata mai wabi. Wasu su ce nononta ne ba kyau. Wasu su ce kishiya ce ta yi mata asiri. Wasu su nuna wata tsohuwa ta bayan gari su ce mayya ce. Duk mun san matan da aka saka saboda haka, mun san akuyoyin da aka sayar aka kai wa boka. Amma ƙwarya biyu ta gaya mana gaskiya: ba a samun ja da ja daga ƙwarya ɗaya. Duk yaro mai SS, rabi daga ubansa ya samo. Ilimin da ya wanke uwa, ya wanke kishiya, ya wanke tsohuwar bayan gari, ba ni iya ce masa wahala. Hutun da Baba ke so, wasu ne suka daɗe suna biyan kuɗinsa.

Wani zai ce, ai ciwo da lafiya, rai da ajali, duk na Allah ne, aunawa shisshigi ne. To, ku zo mu tafi kwarin Tarka. Manomin albasar Galmi ba ya rufe ido ya ɗebo kowacce ya yi iri da ita. Yana zaɓen mai cika, mai kyan launi, wadda ba ta ruɓe a rumbu ba. Mai hatsi yana ware manyan zangarniya tun a gona. Mai jar akuyar Maraɗi yana duba bunsurun da zai bari cikin garke. Ba wanda ya ce masu sun yi jayayya da Mahalicci. Suna zaɓe, suna shukawa, sannan su ce Allah ya ba da damina. In mun yarda da haka a kan albasa, don me za mu ƙi a kan jikoki?

Amma a nan dole in tsaya, don misalin nan yana da rami. Mutum ba albasa ba ne. Albasar da ba ta yi iri ba, a kai ta kasuwa. Mutum fa? An taɓa yin masu ilimi da masu mulki da suka manta da wannan bambanci. A Jamus, a 1933, an kafa doka aka yi wa mutane sama da dubu 300 aikin hana haihuwa da ƙarfi, wai irinsu ba shi da kyau. A Amurka, cikin shekarun 1970, aka yi ta auna baƙaƙen fata ba tare da cikakken bayani ba. Mutane suka ɗauka mai AS majinyaci ne. Wasu suka rasa aiki. Makarantar horon hafsoshin sojan sama ta hana masu AS shiga, sai a 1981 aka janye hanin. Ilimi ne na gaskiya, amma aka ba da rabinsa, rabin ya zama sanda.

Abin da nake tsoro a garuruwanmu ke nan. Magana ba ta kwana a bakin rijiya. Yau a ce ɗiyar wane tana da "mugun jini", gobe ba mai sallama a ƙofar gidansu. Saurayi mai AS, in yana da kuɗin albasa, ba zai rasa mata ba. Budurwa ce za ta sha. Sai ya zama mun cire sunan wabi daga kan uwa, mun laƙaba sabon suna a kan ɗiya. Alhali mai AS ba ta da aibi. Ta auri mai AA, ba za ta haifi mai ciwon ba ko ɗaya. Kuma ba ƴan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2006, a Najeriya mutum 24 cikin 100 suna ɗauke da irin, kuma a kowace shekara ana haihuwar yara wajen dubu 150 da ciwon. Daga Ƙwanni zuwa Illela ba nisa, jininmu da nasu ɗaya ne. Mai yi wa ɗiyar maƙwabci dariya, ya fara kai hannunsa a ɗebi nasa jinin.

Wannan ya nuna mana kuma cewa laifin ba na auren zumunci ba ne shi kaɗai. Gaskiya ne dangi sun fi haɗa iri ɗaya, musamman gidan da aka taɓa haifar mai ciwo. Amma bare da bare ma suna haifa. Ba a ce a bar zumunci ba, an ce a auna.

To, wanda ya sani, dole ne ya faɗa? Ni na ce dole ne, amma ba ga kowa ba. Wanda za ku haɗa jini da shi yana da hakki. Ɓoye masa daidai yake da sayar da sa mai ciwo a ce lafiya lau. Maroƙi da ƴan zaman kasuwa kuwa ba su da hakki ko kaɗan. Kuma lokaci shi ne kome. A auna tun yara suna ƙanana, tun ba a kai goro ba, tun zuciya ba ta kama ba. Fasa magana kafin baiko ƙaiƙayi ne, fasa ta ana saura wata ɗaya miki ne. In za ku auna, ku tambayi likita wane gwaji ne. Akwai ƙarami da ake kira gwajin Emmel, yana nuna akwai S ko babu, amma ba ya raba AS da SS. Akwai babba mai fitar da haruffan biyu, shi ne abin nema.

A Kano, a watan Mayu na 2024, gwamna ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na amosanin jini. Na ga hikimarta: in kowa sai ya auna, ba wanda za a nuna da yatsa. Amma doka ba ta yin bayani, kuma inda aka matsa wa mutane ba su gane ba, ina tsoron a fara neman takardar ƙarya. Idan baligai biyu sun gane lissafin ƙwarya sarai, suka ce duk da haka sun yarda, ni ba ni aika masu jandarma. Sai dai in tuna masu cewa akwai mutum na uku cikin maganar, wanda ba a gayyato shi ba, kuma a ƙashinsa ciwon zai sauka. Abin da ban yarda da shi ba, shi ne dattawa biyu su yanke a zaure, don kada a ce sun saɓa alkawari. Ba su za su kwana zaune da yaro a cinya ba.

Sauran waɗanda an riga an haifa. Yaron nan na gidan ƙanen yana da kunne. In kullum yana jin ana cewa "da an auna da ba a haife shi ba", me muka gaya masa? Muna ƙin ciwon ne, ba yaron ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba su girma. Gidan sauro, rigakafi a kan kari, shan ruwa da yawa, rufe jiki da sanyi, saurin zuwa asibiti da zarar jiki ya yi zafi, duk suna tsawaita rai. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa da aka keɓe don wannan ciwo. A Kano, likitocin jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano, da abokan aikinsu na Kaduna da na jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan yara 220 waɗanda ciwon ke barazanar shanye masu ɓarin jiki. Sakamakon ya fito a 2022: ƙwayar magani mai suna hydroxyurea, ko da ƙaramin awo, tana taimakawa wajen kare su. Wannan aikin jami'a ne da aka yi a ƙasar Hausa, a kan ƴaƴan Hausawa.

Can sama kuma an kai wani matsayi. A 2012 wasu mata biyu masana, Emmanuelle Charpentier ƴar Faransa da Jennifer Doudna ƴar Amurka, suka nuna yadda za a yi wani irin almakashi mai yanka rubutun gado a daidai inda ake so. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da magani mai suna Casgevy, wanda aka yi da almakashin nan. Yana farkar da irin jinin da jariri ke da shi a cikin uwarsa, wanda ba ya yin lauje. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ga mutum ɗaya, wato ya zarce sefa miliyan dubu. Ku lissafa buhun albasa nawa ke nan. Mafi yawan masu ciwon a Afirka suke, maganin kuma yana inda ba su kai. Wannan ma tambaya ce ta adalci, kuma ba Baba ne zai amsa ta ba. Abin da zan roƙi malaman jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ƙarami ne. Likitan da suka horar ya iya zama da manomi ya warware masa maganar da Hausa. Miƙa wa mutum takarda mai haruffa biyu a ce "na gaba ya shigo", rabin ilimi ne.

Kwana biyun da na roƙa suka zama mako uku. Duk abin da kuka karanta nan, shi na gaya wa Baba, muna zaune a kan tabarma bayan sallar isha. Ya saurara bai katse ni ba. Da na ƙare ya ce, "Har yanzu ba ka ce mani in fasa ko in ɗaura ba." Na ce, "Baba, ni a wurinka da na fasa. Amma ba ni za a aurar ba, ba kai ba ne kuma. An tambayi yaran?" Ya yi shiru. Ashe ba wanda ya tambaye su.

Ya ce in ara masa ƙwaryar nan biyu da waken. Ya ce kuma in rubuta masa hanyoyin nan huɗu da manyan haruffa, yadda zai iya karantawa da fitila. Zai tara ƙanensa, da matansu, da saurayin, da budurwar, kowa ya rufe ido ya ɗauka da hannunsa. Na rubuta, ya bi da yatsa yana karantawa a hankali, AA, AS, AS, SS. Ya ninke takardar ya sa aljihu. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Matar ƙanena zan fara karanta wa. Ni ma ina cikin masu ce mata mai wabi."

Hatsi ya fara fitar da kai, girbi saura wata biyu. Har yau da nake rubutun nan bai maido mani ƙwaryata ba.